Doguwar tafiya a jirgin sama bayan shekara mai nauyi: tambayoyin matafiyan Garwa, Marwa da Kuseri

Tun da hazo ya sauka aka fara shirin umarar azumi, 'yan kasuwa kuma suka koma lissafin Dubai da Gwanzu ta ƙasar Sin, tambayoyi ba su yanke mini ba. Na tara waɗanda aka fi maimaitawa. Wasu na jiki ne, wasu na ibada, wasu kuwa na zuci, domin 2024, shekarar ambaliya da tsadar rayuwa, ba ta bar mutanen bakin kogunan Logon da Shari yadda ta same su ba.

Malam, daga ina ya fi sauƙi in tashi, Njamena ko Duwala?

Ya danganta da inda gidanka yake. Mutumin Kuseri ba shi da dalilin gangarawa kudu: gadar Ngeli kawai zai tsallaka ya shiga Njamena, filin jirgin Hassan Djamous kuma a cikin gari yake. Sai dai ya tambayi lokacin rufe gada, in jirginsa na dare ne ya tsallaka tun da rana. Mutumin Marwa shi ne a tsakiya. Hanyar Kuseri ta Mora da Waza da Dabanga ta fi kusa, amma duk wanda ya bi ta ya san halinta, ga ramuka ga rashin tsaro, ba a bin ta da dare. Na Garwa da Ngaundare galibi kudu suke yi, ko dai jirgin Camair-Co zuwa Yawunde ko Duwala, ko jirgin ƙasa na Camrail da ke tashi daga Ngaundare da yamma ya kwana a hanya.

Ko wacce ka zaɓa, bar tazarar kwana guda tsakanin isarka da tashin babban jirgi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirgi sauka a filayen arewa, kuma in tikitin gida daban ne da na waje, kamfanin waje ba ruwansa da uzurinka. Kuɗin masauki na dare ɗaya bai kai kuɗin sabon tikiti ba.

Awa nawa zan yi a sama?

Daga Njamena zuwa Adis Ababa kusan awa 4 ne. Daga can zuwa Jidda bai kai awa 3 ba, Dubai wajen awa 4, Gwanzu kuwa sama da awa 10 ba sauka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage ke kauce wa sararin samaniyarta, don haka masu yin gabas suna ɗan zagaye.

Abin da ke cinye mutum dai zaman jira ne. Tikitin da ya fi araha sau da yawa shi ne mai jiran awa goma sha wani abu a kan kujerar ƙarfe, kuma araha ba ta ado. Kamfanin jirgin Ethiopian kan ba da masauki ga wanda jiransa ya wuce awa 8 in babu jirgin da ya fi kusa, amma a tabbatar da haka tun wurin yankan tikiti. A riƙe rigar sanyi a jakar hannu. Adis Ababa tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, wanda ya baro zafin Kuseri da 'yar shara zai kwana yana karkarwa.

Duk sanda na sauka sai in ga ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Akwai haɗari?

Hajiya, in duka biyun ne suka kumbura kuma ba ciwo, zama ne ya jawo, zai sace cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ake tsoro shi ne kumburin ƙafa ɗaya, musamman sha-raɓa, da zafi da ciwo. Wannan alama ce ta jini ya daskare a jijiya, kuma gudan jinin na iya ɓallewa ya tafi huhu. In aka ga haka, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ko da mako biyu ne bayan dawowa, asibiti za a nufa, kuma a gaya wa likita an yi doguwar tafiya. Kada a kira mai tausa.

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 ya nuna haɗarin na ninkawa bayan zaman awa 4 ba motsi, ko da yake a jimlace kaɗan ne, wajen mutum 1 cikin 6,000. Motar Marwa zuwa Ngaundare ma tana cikin wannan lissafi. Masu juna biyu, masu jego, masu shan maganin tazarar haihuwa, masu jiki, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ne suka fi bukatar ganin likita kafin tafiya. Sauran mutane, ku nemi kujerar bakin hanya, ku miƙe ku ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, a zaune kuma ku riƙa ɗaga dunduniya kuna saukewa. Kada a cusa jaka a gaban ƙafa har a rasa wurin miƙe ta.

Ni na fi son in ƙi shan ruwa don kada in shiga bayan gidan jirgi.

Wannan ita ce ɗabi'ar da ta fi cutar da mutanenmu, musamman iyaye mata da dattawa. Iskar cikin jirgi busasshiya ce, danshinta kan gaza kashi 20 cikin 100, ga shi an daidaita ta kamar mutum yana kan dutse mai tsayin mita 2,000 ko wajen haka. Shi ya sa leɓe ke tsagewa, kai ya yi ciwo, a sauka a galabaice. A sha ruwa duk sanda aka kawo, in ba a kawo ba a nema, kyauta ne. Shayi da gahawa kuwa a rage.

Bayan gidan ba abin tsoro ba ne. Ƙarar da yake yi in an danna iska ce ke zuƙe ƙazanta, ba ya jan mutum. Buta ce babu, don haka a shiga da ƙaramar gorar roba. Za a wuce da ita wurin bincike ba komai a ciki, tun da ba a barin ruwan da ya wuce mililita 100, sannan a cika ta daga baya. Roƙona ɗaya, kada a malale ƙasa da ruwan alwala. Ba magudana a wurin, kuma na bayanka da safa zai shigo.

To yaya zan yi da salla?

Yi alwala a filin jirgi dab da shiga, ka yi ƙoƙarin riƙe ta. Matafiyi yana ƙasaru, mai raka'a huɗu ta koma biyu, kuma a mazhabar Malikiyya yana nan a kan haka matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Azahar da la'asar ana haɗa su, haka magariba da lisha, saboda haka da ɗan tsari yawancin salloli a ƙasa za su same ka. Filayen Adis Ababa da Istanbul da Alƙahira duk suna da wurin salla.

Asuba ce mai wuya, domin ba a haɗa ta da kowace, kuma jirgin da ke fuskantar gabas yana tarar alfijir da sauri. Kana ganin jan gari ta taga, kafin ka gama shawara rana ta fito. Nan dutsen taimama ke amfani, ƙarami wanda zai shiga aljihu. In ma'aikatan jirgi sun yarda ka tsaya a wani lungu ka fuskanci alƙibla, to madalla, taswirar da ke allon kujera za ta nuna maka inda Makka take. In ba hali, yi a zaune da ishara kada lokaci ya fita. Malamai da dama na cewa a sake ta bayan an sauka. Wannan ka ji ta bakin malaminka tun kana gida.

A ina zan ɗaura harami? Kuma da agogon wace ƙasa zan sha ruwa?

In Madina za ka fara, ba ka da damuwa, a Zul Hulaifa za ka ɗaura lokacin fitowa. In Jidda ce kai tsaye zuwa Makka, jirgi zai ratsa daidai miƙati kana sama: Yalamlam ga wanda ya taso daga Adis Ababa, Juhfa ga na Alƙahira ko Istanbul. Sa tufafin haramin a filin da ka yada zango, niyya da talbiya kuma sai an kusa miƙati. Kada haramin ya tafi cikin babbar jaka.

Buɗa baki kuwa ba da agogo ake yi ba, da rana ake yi. Muddin kana ganin ta ta taga ba ka sha ruwa, ko da garin da ke ƙarƙashinka ya yi kiran magariba. Mai zuwa gabas yininsa gajere ne, mai dawowa gida nasa ya fi tsawo. Matafiyi dai an yi masa rangwame ya sha ya rama, mai ciwon suga da dattijo kada su ɗora wa kansu abin da ba a ɗora musu ba.

In jirgi ya fara girgiza sai in ji kamar ƙarshena ya zo.

Gargadar iska ce, ta fi yawa a lokacin damina inda hadari ke haɗuwa, kuma an ƙera jirgi don ya jure wadda ta fi wannan. Wanda take ji wa ciwo shi ne wanda bai ɗaura bel ba. A Mayun 2024 wani jirgi daga Landan zuwa Singafo ya faɗa mummunar gargada, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, jirgin kuwa ya sauka lafiya. Bar bel a ɗaure ko kana barci. Kujerun da ke daidai fiffike sun fi natsuwa, na can baya sun fi jijjiga. Ka karanta addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, ka dubi fuskar ma'aikata: in suna ci gaba da hirarsu, kai ma koma ga carbinka.

Malam, abin kunya ne, amma da aka kashe fitilu kowa ya yi barci, sai tunanin abin da ya same mu a 2024 ya taso mini har na yi hawaye. Lafiya nake kuwa?

Lafiya lau kake, ɗan'uwa, kuma ba kai kaɗai ba ne. Na ji wannan daga bakin manyan alhazai waɗanda ba a taɓa ganin hawayensu ko a makabarta ba. Dubi yadda muke rayuwa. Daga asuba zuwa dare mutum bai taɓa zama shi kaɗai ba, ga kasuwa, ga majalisa, ga masu sallama a ƙofar gida, ga waya. Wanda ruwa ya ci gidansa bai samu sukunin baƙin ciki ba, kwashe yara yake yi, neman buhun yashi yake yi, neman rance yake yi. Wanda ya yi rashi kuma karɓar gaisuwa ta cinye masa kwanakin makoki. Sai ga shi an ɗaure shi a kujera awa goma, ba intanet, ba wanda ya san shi, ba abin da zai iya gyarawa. Abin da aka danne wata da watanni a nan yake samun ƙofa. Ƙara da rashin barci da yunwa da ƙarancin iska, waɗanda dukansu ke raunana zuciya.

Hadisi ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Wani hadisin ya sa addu'ar matafiyi cikin waɗanda ake amsawa. Saboda haka in hawaye ya zo, ja bargo ka bar shi ya zuba, ka yi wa mamatanka addu'a da sunayensu. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, masu tarihin Annabi (SAW) shekarar baƙin ciki suka kira ta, ba su sakaya ba.

Abu ɗaya nake hana mutane: kada a yanke hukunci a sama. Sakin aure, raba jari da abokin kasuwanci, sayar da gona, yanke zumunci da ɗan'uwan da ya ƙi taimako lokacin ambaliya, duk waɗannan suna zuwa wa mutum a tsakar dare a jirgi kamar wahayi, kuma yawancinsu gajiya ce ke magana. In tunanin ya matsa, rubuta shi a takarda ka ninke. Saƙon da ka tsara a waya kada ka tura shi da saukarka. Ci abinci mai zafi, yi barci dare biyu, sannan ka karanta abin da ka rubuta.

In kuwa an dawo gida makonni sun wuce, barci ya ƙi, abinci ya ƙi, mutum ya daina fita kasuwa ko ya fara jin gara ma ya mutu, wannan ya wuce gajiyar tafiya. A gaya wa wani na kusa, a je asibiti.

Shekarar ce ta yi tsanani, ko ni ne dai na gaza?

Bari mu jera abin da ya faru, kai ka yi alƙalanci. A Fabrairun 2024 litar fetur a Kamaru ta tashi daga sefa 730 zuwa 840, a Cadi kuma daga 518 zuwa 730. Kuɗin mota ya bi, kuɗin hatsi ya bi. A watan ne kuma naira ta zube har dala ɗaya ta haura 1,500. Wanda ke saro kaya daga Mubi ko Maiduguri ya ji daɗi na ɗan lokaci, amma wanda ke kai shanu ko shinkafa Najeriya ya dawo da takardun da ba su da nauyi in an mayar da su sefa. A watan Yuni aka yi aikin hajji cikin zafin da ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya suka ce mutum 1,301 sun rasu. A watan ne kuma ma'ajiyar makamai ta Guji ta yi bindiga a Njamena, dab da filin jirgi.

Sannan ruwa ya zo. A Cadi ambaliya ta taɓa dukkan larduna 23, ta shafi kusan mutum miliyan 2, fiye da 570 suka rasu, kogin Shari ya haura mita 8 a Njamena a watan Oktoba. A ɓangarenmu na Kamaru Yagwa ta nutse, gadar cikin gari ta karye a Satumba, Maga da Kuseri da ƙauyukan Logon suka koma tafki. Gonakin shinkafa da dawa sun tafi, dabbobi sun tafi. Ɗan kasuwar da ke Marwa ko Garwa wanda ko digo bai shiga shagonsa ba, shi ma ruwan ya ci shi, domin waɗanda ya ba kaya bashi su ne suka koma kwana a tanti.

Ba ina cewa kowace asara ruwa ne ya jawo ta ba. Akwai wanda ya ci jari a biki, akwai wanda ya ba da bashi ba rubutu ba shaida. Raba takarda gida biyu, abin da ya fi ƙarfinka a gefe, abin da hannunka ya yi a gefe. Yawancin waɗanda na ga sun yi haka, gefen farko ne ya fi tsawo, na biyun kuma abu biyu ne ko uku da za a iya gyarawa.

Da bashi a kaina. In je umara in roƙi Allah mafita, ko in haƙura?

Alhaji, ra'ayina ka haƙura, sai fa in mai bashin ya sani kuma ya yarda. Umara ba ta tsere maka, shi kuwa wanda kake riƙe da kuɗinsa wataƙila rufin ɗaki yake nema. Ganin hotonka a gaban Ka'aba ba zai sanyaya masa rai ba. Tafiyar saro kaya daban ce, tun da ita ce hanyar biya, amma ita ma a yi lissafi da gaske. Tikiti, biza, masauki, dakon kaya da kuɗin duwan (kwastan), in jarin bai ninka su sau da yawa ba, gara a haɗa kuɗi a ba amintacce guda ya tafi. Wanda zai fita da kuɗin da ya wuce sefa miliyan 5 kuma, dokar canji ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya masu amfani da sefa, ta ce sai ya bayyana su da takardun shaida.

Maƙwabta sun kawo saƙo in kai wa 'yan'uwansu. In karɓa?

Abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ka ɗauka, ko na surukarka ne. In aka samu wani abu a jakarka, sunanka ne a jiki. Tramol da ire-irensa na kai mutum kurkuku a Saudiyya da Dubai da Masar, maganin asibiti ma a tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Goro an hana shiga da shi Saudiyya. Kilishi kuwa, duk daɗin na Marwa, ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin a shiga da nama, a kwandon shara zai ƙare. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, haka allurar masu ciwon suga, haka katin rigakafin shawara, da na sanƙarau ga mai zuwa umara.

Na isa Gwanzu, rana tsaka barci, dare kuma ido biyu.

Sin tana gabanmu da awa 7. Lokacin da kasuwa ke buɗewa can da ƙarfe 9, jikinka yana ƙarfe 2 na dare. Jiki kan gyara wajen awa ɗaya ne a kowace rana, kuma zuwa gabas ya fi dawowa wuya. Fita cikin hasken rana, ci abinci a lokacin mutanen garin, in barcin rana ya kama ka kada ya wuce rabin awa. Ranar farko ta zagaya ce da tambayar farashi, kada ka biya kuɗin kaya a cikinta. Saudiyya awa 2 ce kawai, Dubai 3, waɗannan ba su cika wahalarwa ba.

Zan tafi da mahaifiyata, ga kuma jariri.

Nemar wa Inna keken guragu tun wurin yankan tikiti, kyauta ne, kuma filin Istanbul ko na Dubai tafiya ce mai nisa a ƙafa ko ga mai lafiya. Jariri a ba shi nono lokacin tashi da sauka, haɗiya ce ke buɗe masa kunne. Mai juna biyu kuma, yawancin kamfanoni na neman takardar likita daga mako 28, ba sa ɗauka bayan mako 36.

Na sauka, jakata ba ta fito ba.

Kada ka bar filin jirgi sai ka je teburin kayan da suka ɓata an cika maka takarda an ba ka lamba. Za su nemi ɗan guntun tikitin kaya da aka manna maka lokacin awo, shi ya sa ba a yar da shi. Ba da lambar wayar da ke aiki, ka faɗi garin da kake, domin jakar da ta biyo jirgin gobe a Njamena ko Duwala za ta tsaya, ba lalle a kawo maka ita Marwa ba. In ta iso a fashe, kwana 7 gare ka ka kai ƙara a rubuce, in jinkiri ne kwana 21 daga ranar da ka karɓe ta. Kafin ka ba da jaka a awo, ɗauki hotonta da na abin da ke ciki, ka sa takarda mai sunanka da lambarka a ciki, don ta waje na iya tsinkewa.